Barkar Da Na Je Gidan Maƙeri

Ranar da na shiga gidan maƙeri da sunan barka ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma ban taɓa ba wa kowa labarinta ba sai yau. Mutum ɗaya ne ya san abin da ya faru daga farko har ƙarshe, shi ne maigidana, shi kuwa Allah ya karɓi abinsa bara da damina. Tun da na fita takaba nake jin nauyin maganar ya dawo kaina ni kaɗai. Hadiza 'yar ƙanena ce ke rubutawa, ni ban san baƙi ba. Duk inda na ambaci maigidana kuka yakan ci ƙarfina, sai ta aje alƙalami ta jira ni.

Ita ce ta ce mini ku matan da aka ɗauka aikin shiga gidaje, masu duba lafiyar mata da yara, kuna son jin yadda muka yi namu aikin a zamanin Turawa. Na so in ba ku labarin da zai sa ku yabe ni, akwai su. Amma wannan shi ne zai amfane ku.

Ni haifaffiyar Wurno ce. Aure ya kai ni garin wani uban ƙasa nan gabas, wanda mutanen wasu wurare ke ce wa hakimi. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa na nan da rai. Maigidana dogarinsa ne, ni kuma daga baya na zama jakadiyarsa.

Ga yadda aikin yake. Umarni yakan fito daga Sakkwato, daga hukumar En'e, da sanin Bature Di'o. Ya zo ga uban ƙasa, uban ƙasa ya tara masu gari, masu gari su tara masu unguwa. Duk waɗannan maza ne, namiji kuwa iyakarsa zaure. Ko dogari mai jan rawani ba ya wuce zauren gidan kulle. To idan saƙo na mata ne, ni ake aikawa. Ni ke kiran mace gaban alƙali, ni ke duba jikinta idan ta ce an doke ta, ni ke kai gaisuwar mutuwa da ta haihuwa daga gidan uban ƙasa. En'e ba ta biyana albashi. Uban ƙasa ke ba ni hatsi da kaka, da zane kowace salla.

'Yan shekaru kafin Turawa su tafi, bayan an gama ɗaure gero, aka zo da kuɗin makaranta. Sule guda a kan duk mai biyan haraji, ban da harajin kansa, ban da jangalin shanu. Aka ce za a ƙara ɗakuna a makarantar garin uban ƙasa, a kuma ɗauki malami.

Mutane suka ƙi. Ba da faɗa ba, mutanenmu ba su cika ɗaga murya gaban manya ba. Amma akwai wani ƙauye, tafiyar hantsi daga garinmu, wanda ya ƙi gaba ɗaya, daga mai gari har kutare. Ina tsugune a gefe ranar da dattawansu suka zo gaban uban ƙasa. Wanda ya yi magana maƙerin ƙauyen ne, ana kiransa Sanda, dogon mutum mai sanyin murya.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ƙasar da anka gina makarantag ga, mu munka ɗauko ta bisa kai, ba a biya mu ba. Ɗiyanmu biyu anka ɗauke bara, iyayensu na kuka. Yanzu kuma mu biya a zo a ɗauki saura? Makarantar ma ba garinmu take ba."

Uban ƙasa ya ce shi ma umarni aka ba shi. Suka ce sun ji, Allah shi ba shi nasara, amma ba su da shi, damina ba ta yi kyau ba. Suka yi sallama suka tafi.

Ka'ida ita ce, wanda ya ce ba shi da kuɗi, dogarai su je su kama dabbarsa, a sayar a kasuwa, a cire abin da ke kansa, a mayar masa da saura. Dogarai suka je ƙauyen sau biyu. Maigidana ya dawo yana dariya, ya ce mini ko akuya guda ba su gani ba, sai turaku a kafe, ga kashin awaki ɗanye a gindinsu. Kowa ya san an shigar da dabbobin cikin gidaje. Amma wane gida? Ba za a keta shingen gida talatin a kan zato ba, malamai ba za su yarda ba.

Ana nan sai takarda ta zo daga Sakkwato, cewa Di'o zai fito rangadi, kuma yana son ya tarar an gama. Sauran ƙauyuka kuwa sun zuba ido, idan wannan ya tsira su ma ba za su biya ba. Da hantsi uban ƙasa ya sa aka kira ni. Yana zaune da malamin haraji.

"Jakadiya, ina son ki tahi ki gano mini inda sunka sa dabbobin."

Na ce, "Ranka shi daɗe, sun san ta wa nike. Kwanakin ga ko ruwa na roƙa, a ƙofa za a ba ni."

Ya ce, "To ashe ba ki da amfani ke nan."

Da na yi haƙuri da wannan kalma, da shi ke nan. Amma ta ƙona ni. A lokacin akwai wata mata da ke ta neman a ba ta aikina, ina kuma da ɗiya huɗu da ke cin hatsin uban ƙasa. Ina so ku ji wannan da kyau, domin shekaru da yawa na yi ina gaya wa kaina an tilasta mini. Ba wanda ya ba ni dabarar. Daga bakina ta fito.

Na ce, "An yi haihuwa gidan maƙeri shekaranjiya. Ba a hana mace barka."

Malamin haraji ya tafa hannu, ya ce, "Ka ji mata!"

Ku da kuka tashi a birni ƙila ba ku san nauyin wannan ba. A ƙasarmu, daga ranar haihuwa zuwa ranar suna, ɗakin mai jego a buɗe yake ga kowace mace. Ko wadda kuka shekara ba ku magana, idan ta zo barka sai a shimfiɗa mata tabarma, a miƙa mata jariri. Ba a tambayarta dalili. Ita ma ba ta shigowa da komi sai alheri, ba ta fita da komi sai addu'a. Kowa ya san haka, ni ma na sani.

Da na koma gida na gaya wa maigidana, yana gyaran rawaninsa, sai ya tsaya. Ya ce, "Uwar Ladi, barka kuma?" Na ce aiki ne. Ya ce, "Mu namu aikin da rana muka yin shi, da ja bisa kai, kowa na ganinmu tun daga nesa. Kar ki tahi." Na ce masa shi da ya je sau biyu ya dawo hannu wofi ba shi ne zai koya mini ba. Allah ya jiƙansa. Ya koma gyaran rawaninsa.

Washegari na ƙulla kanwa da citta da sabulu guda, na kama hanya. Rana ta huɗu ke nan da haihuwar.

Wadda na fara karo da ita a tsakar gida uwar maƙerin ce, Inna Kulu, tsohuwa mai ido ɗaya, tana iza wuta ƙarƙashin tukunyar ruwan wanka. Ta amsa sallamata ba ta tashi ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Jakadiya, ke kinka zo, ko aiko ki anka yi?"

Na ce, "Haba Inna, ni na zo da ƙafata. Na ji abin arziki."

"Da ƙafarki na gani. Zuciyar fa?"

Na yi dariya, na ce, "Inna, wanga ido naki guda ya fi biyun wasu." Ba ta yi dariya ba. Amma daga cikin ɗaki sai na ji murya.

"Goggo ce? Inna, ki bar ta ta shigo, Goggon Wurno ce!"

Mai jegon ke nan, A'i. Uwarta 'yar unguwarmu ce a Wurno, tare muka yi ɗiban ruwa muna 'yan mata, shi ya sa take ce mini Goggo. Na same ta zaune bisa gadon ƙasa mai ɗumi, fuskarta ta yi fayau, tana murmushi har kunne. Ta miƙo mini yaron. Ɗa namiji, mai gashi cike da kai. Na ce, "Kai, wanga baƙi ƙirin, kamar a maƙera anka haife shi." Matan da ke ɗakin suka bushe da dariya. Wata ta ce ai gado ba ya ɓata, ya riga ya fara ƙira, duk dare sai ya buga wa uwarsa kunne. Aka zubo mini kunun kanwa a ƙwarya, na sha har na ƙara.

Na san tarihin A'i. Wannan ce haihuwarta ta uku. Biyun farko ba su kai suna ba, ɗaya kwana biyu ya yi, ɗaya kwana biyar. Saboda haka da matan suka ragu, ta kama hannuna ta ce, "Goggo, wanga na shan nono da ƙarfi. Ina jin zai zauna." Na ce in sha Allahu.

Sai ta ce, "Taso ki ga wani abu."

Ban tambaye ta ba. Wallahi ban tambaye ta komi ba, da ma na tambaya ta ƙi. Ta dafa bango ta tashi, ta kai ni bayan ɗaki inda aka kewaye da zana don wankan jego. Bayan wannan zanar akwai wata. Ta ɗaga gefenta.

Rago ne fari, babba, ƙahonsa ya murɗe sau biyu, an shafa masa lalle a goshi da ƙafafu. Ta ce Sanda ya saye shi tun yana ɗan ƙarami, lokacin cikinta na fari, don suna. Da yaron ya koma, ya ƙi sayarwa. Na biyu ma ya koma, ya ƙi. Layya ta zo sau uku, mutane na ce masa ya yanka, yana cewa ragon na da mai shi, bai iso ba tukuna.

"Shekara ukku shina jira, Goggo. Saura kwana ukku."

Ina kallon ragon, ina kuma kallon abin da ke bayansa. Wani fili ne da aka rufe da karan dawa har sama, tsakanin gidan da maƙera. Awaki da tumaki cike, an zuba musu harawa da yawa don kada su yi kuka, ƙarar guduma kuma tana rufe sauran. A'i ta ga inda idona ya tafi. Ta sa yatsa a baki tana murmushi, ta ce, "Na mutane na. Ke ai tamu ta."

Na ce, "Taku ce ni."

Da zan fita ta sa aka ƙulla mini goro biyu, ta ce kada in kuskura in ƙi zuwa suna.

A hanya na zauna gindin wata tsamiya na daɗe. Ina iya cewa ban ga komi ba, wa zai ƙaryata ni? Amma sai na tuna kalmar nan ta uban ƙasa, da wadda ke jiran aikina. Na kuma lallashi kaina da cewa ai sule guda ne, za a mayar wa kowa da sauransa, kuma zan roƙa a bar ragon.

Na roƙa ɗin. Na faɗi wurin, na faɗi ta inda za a ɓullo masa ta bayan maƙera ba tare da an bi ta cikin mata ba. Sannan na ce, "Ranka shi daɗe, akwai farin rago mai lalle, na suna ne. A bar shi." Uban ƙasa ya ce, "An bari." Amma sau ɗaya ya faɗa, yana kallon wani wuri, malamin haraji kuwa ya riga ya miƙe zai je ya shirya dogarai.

Suka jira rana ta shida, domin a ranar ne kasuwa ke ci. Da safe dogarai suka keta karan ta baya suka koro dabbobin duka. Maigidana na cikinsu. Ya gaya mini ya riƙe igiyar ragon, ya ce wa sarkin dogarai an ce a bar wannan. Sarkin dogarai ya ce shi ba a gaya masa ba, kuma maƙerin nan shi ne bakin ƙauyen, idan aka bar nasa aka kwashe na sauran, me aka yi? Sanda ya fito da guduma a hannu, ya tsaya, ya aje ta ƙasa. Inna Kulu ce ta biyo su har bakin gari tana kiran sunana.

Wajen hantsi aka koro su ta ƙofar gidan uban ƙasa, za a wuce kasuwa. Ina tsugune a zaure. Uban ƙasa ya sa an kawo mini sabon zane, baƙi mai ratsi, malamin haraji yana ta zuba yabo gaban fadawa, yana cewa abin da ya gagari dogarai shida mace guda ta yi shi. Na ɗaga kai sai ga ragon yana wucewa, da lallensa. Uban ƙasa na zaune, tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Abin da zan ce bai wuce "ranka shi daɗe, ga ragon da anka ce an bari" ba. Na tabbata da na faɗa da ya sa an mayar, ba mugun mutum ba ne, mantuwa ya yi. Amma zanen na bisa cinyata, fadawa na kallona, na ji kunyar a ce ana yabona ina kawo ƙorafi. Na sunkuyar da kai har ƙarar ƙafafunsu ta yi nisa.

Wannan shi ne wurin da ya fi ci mini rai. Shiga gidan laifi ne, amma wannan shirun ya fi shi.

Wani mahauci daga Goronyo ya sayi ragon. Aka cire sule, aka kai wa Sanda saura, ba a ci masa ko anini ba, bisa ka'ida aka yi komi. Amma kasuwa ta watse, ba inda zai sayi wani rago, ƙauyen kuma ba ko bunsuru. Washegari aka raɗa wa yaron suna da wata 'yar akuya da wani ɗan'uwansu ya jawo daga Maikujera. Ban je ba. Kafin Di'o ya iso duk ƙauyukan sun biya.

Maigidana ya kwana uku bai ci tuwona da daɗi ba. Bai zage ni ba, bai gaya wa kowa ba, ko sau ɗaya bai yi mini gori ba cikin shekarun da muka yi bayan haka. Zanen kawai ya ce kada in ɗaura a gidansa. Na bayar da shi sadaka.

Da A'i ta yi arba'in na kasa daurewa, na koma. Na yi sallama a ƙofa, na sa kai zan wuce kamar yadda na saba, sai wata mata ta ce in dakata, za a fito. Na tsaya a zaure. Tun da aka haife ni ba a taɓa tsayar da ni a zaure ba.

Can sai ga A'i, goye da yaron, riƙe da ƙwaryar ruwa. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi gida, ta tambayi Ladi. Ba ta ce mini Goggo ba. Na fara magana, kuka ya zo mini, na ce mata na roƙa a bar ragon, na ce mata hali ne na aiki. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Jakadiya, ba ragon ba na. Rago an ci, an manta. Ni na ɗaga miki zana da hannuna. Tun daga rannan mutanen garin ga na gaishe ni, amma ba wadda ta ƙara ba ni ajiyar ko allura. Inna ta ce mini kada in bari ki shigo, na ce mata ke uwata ce."

Na ce, "Ki gafarta mini, A'i. Bari in shiga in roƙi Inna."

Ta miƙo mini ƙwaryar, ta ce, "Sha a nan. Ciki na mata na."

Na sha, domin ba a mayar da ruwa. Ta karɓi ƙwaryarta ta koma ciki.

Na ƙara shekaru ina aikin jakadiya, har bayan Turawa sun tafi. Amma a ƙauyen nan, da biyu na kusa da shi, duk saƙon da na kai daga zaure nake faɗarsa, kamar dogari. Abin bai tsaya kaina ba. Matar da ta gaje ni, baiwar Allah da ba ta san komi ba, ita ma a zaure suka riƙa tsayar da ita. Da aka fara turo matan asibiti duba masu ciki, an sha wuya kafin a bar su su wuce. Ana cewa mutanen wurin jahilai ne, masu taurin kai. Ina ji ina yin shiru, na san wadda ta koya musu.

Ba na cewa makaranta aibi ce. Wadda ke rubuta wannan a makaranta ta koya. Ba na kuma cewa mutanen sun yi daidai a kan komi. Yaron ya rayu, alhamdu lillahi, da ya koma kamar 'yan'uwansa ban san inda zan sa kaina ba. A'i kuwa ta rasu tuni, ban ji daga bakinta cewa ta yafe ba. Ina sa ta a addu'a tare da maigidana.

Abin da nake son ku riƙe, 'ya'yana, shi ne wannan. Idan kun yi sallama aka ce ku shigo, ba don takardar da ke hannunku ba ne, ba don wanda ya aiko ku ba. Don ku mata ne, kuma matan gidan sun ɗauka za ku yi musu abin da mace ke yi wa mace. Wanda ya ɗauke ku aiki yana da hakkin ƙafarku da bakinku, ku kai saƙonsa, ku faɗe shi a fili tun daga ƙofa, ko da za a ce ku koma. Amma abin da aka nuna muku don an yarda da ku, ba nasa ba ne, ba ku da ikon ba shi. Ranar da babbanku ya ce ku shiga da wani suna ku fito masa da wani abu dabam, ku ce ba ku iyawa. Zai yi fushi, ƙila ya ce ba ku da amfani. Ni na ji tsoron wannan kalma ta rana ɗaya, ga shi na tsufa, haƙorana sun zube, har yau ina tsaye a zauren nan.